Daga Kharkiv Zuwa Kolomyia Don Barenikin Ceri

Duk Musulmin da ya zauna a Yukren ya san tambayar da ba ta barin bakinsa idan an ajiye masa abinci: akwai alade a ciki? Mutanen ƙasar nan suna son alade so na haƙiƙa. Kitsensa kaɗai, wanda suke kira salo, yankawa suke yi su ɗora a kan baƙin burodi su ci da tafarnuwa, kuma idan mutum yana son ya nuna maka ƙauna shi zai fara miƙo maka. Miyar da ka leƙa ba ka ga tsoka a cikinta ba, da romon ƙashinsa aka ɗora ta. A lokacin da nake karatun likita a Kharkiv, ɗaliban Najeriya a ƙasar sun haura 4,000, kuma Musulmin cikinmu ba mu cika amsa gayyatar cin abinci a gidajen mutane ba. Ba don ƙyama ba. Nauyi ne ka zauna a teburin wanda ya wahala dominka kana ture kwano bayan kwano.

Shi ya sa da wata ƙawata 'yar ƙasar, wadda muke haɗuwa a asibitin koyarwa, ta ce in bi ta garinsu hutun Kirsimeti, sai na fara kame-kame. Ta yi dariya ta ce ai ta san abin da nake gudu. Ta ce daren jajiberin ba nama, ba madara, ba ƙwai, kuma a gidansu ba a ajiye giya a teburi a wannan dare. Kala 12 za a jera, duk zan iya ci. Ta ƙara da cewa kakarta za ta yi bareniki na ceri irin na da, wanda ba na cikin firjin kanti ba. Bareniki 'yan ƙunshin kwaɓaɓɓiyar fulawa ne da ake cusa wa wani abu a ciki a dafa a ruwa, ceri kuwa wani ƙaramin ɗan itace ne ja mai ƙwallo ɗaya. Na kira Hajiyarmu a Katsina na faɗa mata. Ta yi shiru kaɗan sannan ta ce, "Ki kula da sallarki, ki kula da abin da za ki sa a bakinki, kuma kada ki je gidan mutane hannu rabbana." Na shiga shagon wani Balarabe na sayi dabino mai kyau.

Wannan a farkon watan Janairun 2019 ne, domin a lokacin ranar 7 ga Janairu suke yin Kirsimeti. Kharkiv tana can gabas, ko kilomita 50 ba a yi ba tsakaninta da iyakar Rasha. Garin ƙawata kuwa ƙauye ne kusa da Kolomyia, a gindin duwatsun Karpat, ta wajen iyakar Romaniya. Wato ƙasar za mu ratsa daga wannan gefe zuwa wancan, kusan kilomita 1,000 kafin ma a kai Lviv. Muka shiga jirgin ƙasa na dare, taragon talakawa da suke kira platskart: gado 54 a buɗe, sama da ƙasa, ba ƙofa ba labule, ƙafar wani na leƙowa hanya. Matar da ke kula da taragon ta raba mana zanin gado a cikin leda, ta kawo shayi a tambulan da aka zura cikin mariƙin ƙarfe. A waje dusar ƙanƙara ta rufe komai, a ciki kuwa zafi kamar a cire riga, domin tagogin a liƙe suke tun farkon hunturu. Mutane suka buɗe ƙunshin guzurinsu, dafaffen ƙwai da kaza da kokwamba mai tsami. Abin da na lura da shi shi ne harshe. Da muka tashi kusan kowa Rashanci yake yi. Da gari ya waye, masu shigowa a tashoshin yamma duk da Yukrenanci suke gaisawa.

Tashar Lviv, wadda aka gina a 1904 lokacin da yankin ke ƙarƙashin Ostiriya, ta cika maƙil da masu dawowa daga ci-rani a Polan da Italiya da Cek, kowa da jakunkuna niƙi-niƙi. Ba mu tsaya kallon gari ba. Muka kama wata motar zuwa Kolomyia ta Ivano-Frankivsk.

A Kolomyia ƙawata ta nuna min gidan tarihin ƙwai masu zane, wanda aka gina shi da siffar ƙwai a shekarar 2000, amma ni kasuwa ce ta ɗauke min hankali. Ranar 5 ga wata ce, cinikin jajiberi ya kankama. Tsofaffi mata sun jeru cikin manyan riguna, gabansu busasshiyar lemar kwaɗi a zare, alkamar da aka surfe, zuma a kwalabe, busasshen tuffa da fiya masu ƙamshin hayaƙi, da damin alkama da aka ɗaure aka yi wa ado. Ana sayar da kifi da ransa a cikin baho. Ceri kuwa ban ga ko ƙwaya ɗaya ɗanye ba, kuma ba zan gani ba, tunda a ƙarshen Yuni zuwa Yuli yake nuna. Na tambayi ƙawata ina za a samo wanda za a yi barenikin da shi. Ta ce yana nan a ƙasan gidansu tun lokacin zafi.

Ƙaramar bas ta sauke mu a bakin titi da duhu, muka taka cikin ƙanƙara zuwa gidan. Kakar ta tarye mu a ƙofa, gajeriya, da ɗankwali mai furanni, hannayenta manya ba daidai da jikinta ba. Jikokinta Babusiya suke ce mata, ni ma na bi sahu. Ta riƙe fuskata da hannu biyu ta dube ni sosai, ta taɓa bakin hijabina ta ce haka ya kamata yarinya ta rufe kanta a sanyin nan, ba kamar jikarta da ke yawo kai ba hula ba. Da na miƙa mata dabinon ta juya shi ta shinshina, ta ce gobe zai hau teburi.

Da sassafe ta ce, "Zo 'yata, ki riƙe min fitila." Muka ɗaga wani murfin katako a tsakar ɗakin ajiya muka sauka da tsani. Ɗakin ƙasa ne mai sanyi da warin danshi, amma ruwa ba ya daskarewa a cikinsa. Dankalin turawa a akwatuna, karas a binne cikin yashi, kabeji a ganga yana tsami. Sai kantoci daga ƙasa har sama, kwalabe a jere: tumatir, kokwamba, barkono, lemar kwaɗi, da wani layi guda na kwalabe ja wur har sun yi duhu. Ceri ke nan. Kowace kwalba da ɗan guntun takarda an rubuta shekara. Ta ɗauko biyu masu cin lita ɗaya-ɗaya, na 2018. A can gefe akwai wata babbar kwalba mai kama da su sak, sai dai bakinta da roba aka toshe. Ta nuna ta da yatsa ta girgiza kai ta ce, "Waccan ba taki ba ce. Ta ɗana ce." Cerin da aka bari da sukari a rana har ya zama giya ke nan, abin da suke kira bishnibka. Na ji daɗin yadda ta faɗa min tun kafin in tambaya.

Ceri iri biyu ne, kuma a wurinsu itatuwa biyu ne daban da suna daban. Akwai mai zaƙi, babba, wanda ake ci ɗanye, shi ne wanda ake gani a manyan kantuna. Akwai kuma mai tsami, ƙarami, faɗinsa bai wuce santimita 2 ba, fatarsa sirara, cikinsa ruwa ne zalla da ƙwallo ɗaya. Wannan na biyun shi ne na bareniki. Mai zaƙin idan ya ji wuta lami yake yi, ɗanɗanonsa ya gudu. Mai tsamin kuwa wuta da sukari ne ke fito da shi. Itacensa na jure sanyi, ba ya son hidima, shi ya sa da wuya ka ga gidan ƙauye a Yukren da ba shi a bayan ɗaki. Ƙasar tana cikin waɗanda suka fi kowa noma shi a duniya, tare da Rasha da Turkiyya da Polan da Sabiya, kuma yawancinsa daga irin waɗannan lambunan bayan gida yake fitowa. Babusiya tana da itace uku. Ta taga ta nuna min su, baƙaƙe, ba ganye ko ɗaya, ƙanƙara ta kwanta a kan rassan.

A nan na gane cewa rabin aikin wannan abinci an gama shi wata shida da suka wuce. A Yuli ake hawa tsani a tsinke cerin kafin tsuntsaye su riga mutum. A zauna a inuwa da bokiti, a riƙa cire ƙwallon ɗaya bayan ɗaya. Akwai ɗan injin da ake sayarwa don haka, amma Babusiya ta ce yana yaga ɗan itacen ya zubar da ruwan. Ita da fil ɗin gashi take yi, irin mai lanƙwasa: a zura bakin lanƙwasar ta inda aka cire tsinken, a ƙwaƙulo ƙwallon, cerin ya zauna kamar ba a taɓa shi ba. Ta ciro fil ɗin daga cikin ɗankwalinta ta nuna min yadda ake juya wuyan hannu. Daga nan a zuba a kwalba, ceri hawa ɗaya sukari hawa ɗaya, ba a ƙara ruwa, a jera kwalaben a babbar tukunya a tafasa, sannan a datse murfin ƙarfen da wani mabuɗi mai juyawa. Wasu suna barin ƙwallon a ciki, suna cewa ya fi ƙamshi, kuma gaskiyarsu ce. Sai dai ƙa'idar matan ƙauyen ita ce kwalba mai ƙwallo ba ta wuce shekara. Wannan ya yi daidai da abin da muka karanta a aji, domin a cikin ƙwallon akwai sinadarin amigdalin wanda ke iya sakin gubar sayanayid. Kafin zuwan kwalabe masu murfin ƙarfe, in ji ta, uwarta shanya cerin take yi a rana ta ƙarasa shi a murhun ƙasa, a zuba a jakar ƙyalle a rataye, idan hunturu ya zo a jiƙa.

Ta buɗe kwalaben ta juye a rariya a kan kwano, ta ce a bar shi ya tsane. Ruwan da ke ɗiga ja ne har ya yi baƙi-baƙi. Ba a zubar da ko ɗigo.

Kwaɓin shi ne inda azuminsu ya shigo. Kwana 40 suke yi kafin Kirsimeti ba nama ba madara ba ƙwai, kuma ranar ƙarshe masu riƙo da al'ada ba sa cin komai sai tauraron farko ya fito. A sauran ranakun shekara ana kwaɓa fulawar bareniki da ƙwai ko da madara mai tsami. Yau ba dama. Fulawa da ruwa zalla kuwa tauri take yi, ta tsage idan an murza ta da siriri. Dabarar ita ce tafasasshen ruwa. Babusiya ta tankaɗe fulawa a babban akushi, ta yi rami a tsakiya, ta sa gishiri da man sanfulawa, ta kwarara ruwan yana tururi tana juyawa da cokalin katako. Ba ta auna komai. Ƙawata ce ta tsaya da sikeli don ni, muka ga abin ya kama wajen giram 500 na fulawa, ruwa kofi ɗaya, mililita 250 ke nan, mai cokali biyu, gishiri ƙaramin cokali. Ruwan zafin yana dafa wani sashe na sitacin fulawar nan take, sai kwaɓin ya yi laushi ya riƙa miƙewa ba tare da ya yage ba. Da ya ɗan huce ta sa hannu ta murza shi kamar minti 10 har ya daina kama hannu ya yi sulɓi, ta kife masa kwano ta ce ya huta rabin awa.

A falo mahaifin ƙawata ya kafa wa talabijin ido. A ranar ce a Istanbul babban limamin Kiristocin Otodoks, Bartholomew, yake miƙa takardar da ta ba cocin Yukren 'yancin kanta daga Mosko, shugaban ƙasa Poroshenko na tsaye a wurin. Su mutanen gidan nan ba 'yan wannan coci ba ne, Katolika ne masu bin tsarin ibadar gabas, kamar yawancin mutanen yankin. Duk da haka mutumin ya ɗauki abin a matsayin maganar ƙasa, har yana share ido. Uwarsa ta leƙa ta ce, "Ɗana, limamai za su gama nasu ba da kai ba. Mak ɗin nan ba zai niƙa kansa ba." Ya tashi sumui-sumui ya ɗauko wani kaskon yumɓu mai kaushin ciki da taɓarya ƙarama, ya zauna ya matse shi tsakanin gwiwoyinsa. Mak wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi ne baƙaƙe, daga tsiron da ake samun mofin, maganin nan mai ƙarfi na kashe zafin ciwo, sai dai busassun ƙwayoyin ba sa bugarwa. Niƙa su aikin maza ne a wannan rana, kuma sai sun yi fari kamar madara ake cewa sun yi.

Mu kuma muka koma kan teburi. Ta yanki kashi ɗaya cikin uku na kwaɓin, sauran ta mayar ƙarƙashin kwano kada ya bushe. Ta barbaɗa fulawa ta murza shi har kaurinsa bai fi milimita 2 ba, ta kifa bakin tambulan ta riƙa yanko da'ira. Sai ta ɗora da'ira ɗaya a tafin hannunta na hagu ta ce in duba da kyau. Da farko ɗan sitacin dankali, abin da yatsa biyu za su tsinko, a tsakiya. Sannan ceri uku, huɗu idan ƙanana ne. Sannan sukari rabin ƙaramin cokali a kansu. Ba a haɗa sukarin da cerin a kwano tun farko, domin sukari na jawo ruwa, kafin ka naɗe goma sauran sun yi iyo. Ta ninke da'irar biyu, ta fara matse tsakiyar baki, sannan ta bi zuwa kowane gefe tana tura cerin ciki da ɗan yatsa. Duk sirrin yana nan: kada ruwan ceri ko ƙwayar sukari ta taɓa bakin. Inda ya jiƙe ba zai kama ba, kuma a tukunya nan zai buɗe. Bayan ta matse sai ta sake bin bakin tana lanƙwasa shi kaɗan-kaɗan da babban yatsa, kowace lanƙwasa na hawa kan ta baya. Kitso suke kiran wannan. Ba ado kaɗai ba ne, kulle na biyu ne.

"Babusiya, ku kawo in taya ku," na ce. Ta turo min da'irori ta ajiye min tsumma a gefe, ta ce duk bayan ɗaya in goge yatsuna. Muka zauna mu huɗu, ita da surukarta da ƙawata da ni, ana naɗewa ana jerawa a kan tawul mai fulawa, ba a bari su taɓa juna. Ƙanin ƙawata, ɗan shekara goma sha, ya zo ya ce shi ma zai yi, ya cusa ceri bakwai a guda ɗaya. Kakar ba ta hana shi ba. Ta dai sa farce ta yi wa nasa alama ta ajiye gefe.

A wurin naɗin nan ne hira ta yi daɗi, ƙawata na fassara min inda Yukrenancin tsohuwar ya fi ƙarfina. Ta ce ta tashi a lokacin da cocinsu haramtacce ne. Gwamnatin Sobiyet ta rushe shi a 1946, bai dawo fili ba sai 1989. Kirsimeti ranar aiki ce kamar kowace. Amma jibin daren ba su taɓa fasa shi ba, sai dai a rataya bargo a taga kada a ga hasken kyandir. Ana tura malaman makaranta su zaga ƙauye su rubuta sunayen yaran da suka fita waƙoƙin Kirsimeti, kuma malamar da ke zagayen, in ji ta, ita ma tukunyarta na kan wuta a gida. Ta ce sukari ne ke wuya a wasu shekarun, ceri kam bai taɓa yankewa ba, tunda itacen bayan ɗaki ba a bin layi kafin a tsinke shi.

Ruwa ya tafasa a tukunya mai faɗi, an sa gishiri. Ta riƙa sakin barenikin ɗaya-ɗaya, ba ta wuce 15 a zubi guda, ta zura bayan cokalin katako ta motsa ƙasan a hankali kada su kama. Duk wadda ta taɓa yin ɗanwake ta san abin da ake jira: su nutse, can su taso sama. Da sun taso sai a rage wuta a ba su minti 2 zuwa 3. Tafasa mai ƙarfi tana fasa su. Fatar ta koma garai-garai har kana hango jan cerin ta ciki. Ta tsame su da matsami ta zuba a kaskon yumɓu, ta ɗiga zuma da ɗan mai ta girgiza kaskon don kada su manne. Na yaron nan ya fashe kamar yadda kowa ya sani, ruwan tukunyar ya koma ruwan hoda, aka tsamo masa fatar a faranti aka ce ga rabonsa idan tauraro ya fito.

Ruwan cerin da ya tsane tun safe ta ɗora a ƙaramar tukunya, ta dama sitaci cokali ɗaya da ruwan sanyi ta zuba, ya yi kauri yana sheƙi. Sai ta tsaya da cokali a hannu. Ita tana azumi, surukarta na azumi, jikarta ma haka. Ta juyo ta ce, "'Yata, ke ba ki cikin wannan. Ɗanɗana min." Haka na zama mai ɗanɗanon gidan na ranar. Na ce romon yana son sukari kaɗan. Ta ƙara, tana kallon fuskata don ta gane ko kara nake yi mata. Daga nan aka riƙa kirana kan kowace tukunya, gishirin jar miyarsu da suke kira borsh, tsamin kabeji, zaƙin ruwan busassun 'ya'yan itace. Bareniki ɗaya ta ba ni da zafinsa, ta ce in sa shi duka a baki, kada in gatsa rabi in ɓata hijabina. Da na tauna sai ya fashe, ruwa mai zafi da tsami ya cika min baki, zaƙin ya biyo baya, fatar kuma laushi ba ta da ɗanɗanon kanta sai ɗan gishiri. Na sha cin na kanti a Kharkiv, wanda cikinsa jam ne mai danƙo. Ba abinci ɗaya ba ne.

A Kharkiv a irin wannan lokaci rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu. A nan yamma, da yake agogo ɗaya ƙasar ke bi, sai bayan huɗu da rabi. Babusiya da kanta ta share min wuri a ɗakinta ta shimfiɗa sabon bargo, na duba alƙibla a waya na yi magariba, yara kuma suka fita tsakar gida neman tauraro. Hadari ya rufe sama, ba abin da ake gani. Maigidan ya duba agogonsa ya ce tauraron na nan a bayan gajimare, a shigo.

An shimfiɗa busasshiyar ciyawa a ƙarƙashin ƙyallen teburi, an sa tafarnuwa a kusurwoyi huɗu. Damin alkamar nan, didukh, yana tsaye a lungu, suna ɗaukarsa a matsayin wakilcin kakanni. An ajiye faranti ɗaya da cokali ba mai shi, na waɗanda suka rasu. Suka miƙe suka yi addu'arsu, ni ina zaune a gefe, ba wanda ya dube ni ko ya nemi in ce wani abu. Aka fara da kutiya, dafaffiyar alkama da zuma da mak ɗin da maigida ya niƙa da goro irin nasu, wadda ita ce uwar teburin, kowa sai ya ci cokali. Aka bi da borsh marar nama da 'yan ƙananan ƙunshin lemar kwaɗi a ciki, ganyen kabeji da aka naɗe da dankali, wake, soyayyen kifi, kifin gishiri da albasa, bareniki na dankali da na kabeji. Dabinona na tsakiya a ƙaramin faranti, ban sani ba ko an lissafa shi cikin 12 ɗin. Kifin gishirin nan ɗanye ne a wurina, na taɓa don ladabi na wuce. Kutiya ma, duk da darajarta, ba abin da zan yi marmari ba ne. Amma ban tambayi kowa abin da ke cikin kwano ba har aka tashi, kuma duk wanda ya yi zaman ƙasar zai san girman wannan.

Na cerin ne ya zo ƙarshe, da ɗumi-ɗuminsa, an kwarara masa jan romon. Mutanen da suka ce sun ƙoshi duk suka sake miƙa faranti. Maigida ya ci ya kai 20, uwarsa na ƙirga masa da ƙarfi. Ba a jima ba aka buga ƙofa, samari ne da tauraron takarda a kan sanda suna waƙa, aka ba su kuɗi da abin da ya samu.

Washegari, 7 ga wata, azumi ya ƙare, teburin ya sauya kama: tsiran alade, ƙafar alade mai hayaƙi, daskararren romo, kwalbar nan ta ɗakin ƙasa ma ta hau. Kafin in buɗe baki Babusiya ta ɗauko wani kasko da ta ce na soya wainar fulawa ne kaɗai, ta sake wanke shi a gabana. Ta narka man shanu ta jera ragowar barenikin jiya, ta soya su har gefe ɗaya ya yi ja ya yi ƙamas. Ta ɗora musu smetana, kirim mai kauri mai ɗan tsami daga saniyar maƙwabta. A ganina wannan ya fi na daren. Mai da kirim suna kwantar da tsamin cerin, ɓawon soyuwar kuma ya ba haƙori abin yi. Da na faɗa mata haka sai ta ce kowa ya sani, ai shi ya sa ake yin da yawa.

Wanda zai je neman wannan jibi yanzu kada ya bi kwanan watan da na faɗa. A lokacin coci-cocin Yukren suna bin tsohuwar kalandar Juliyan, wadda ke bayan tamu ta boko da kwana 13, shi ya sa 25 ga Disambarsu ke faɗawa 7 ga Janairu. Bayan mamayar Rasha ta Fabrairun 2022, wadda ta watsa mu ɗalibai kowa ya kama gabansa, manyan coci biyu na ƙasar suka koma sabuwar kalanda daga 1 ga Satumban 2023, gwamnati ma ta mayar da hutun 25 ga Disamba kaɗai. Ƙawata, wadda yanzu take aiki a wani asibiti a yammacin ƙasar, ta rubuto min cewa a shekarar sun yi jibinsu ranar 24 ga Disamba kamar yadda limaminsu ya ce. Da 6 ga Janairu ta zagayo, Babusiya ta tashi da asuba ta sa aka ɗauko mata wasu kwalabe biyu daga ɗakin ƙasa, ta kuma tura ɗanta ya nemo mak.